Bu Warsiti Ba Ta Ciniki Don Kujera

Duk wanda ya taɓa hawa benen nan na saman shagon gwal a tsohon garin Semarang na tsibirin Java, inda dillalan hannun jari suka ware ɗaki don abokan cinikinsu, ya san Bu Warsiti, wato Mama Warsiti, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeruwar tsohuwar nan mai kallabi ruwan toka da ke zama a layin ƙarshe, kujerar jikin taga, jaka a cinya, hannu biyu a kan jakar. Ana buɗe kasuwa tana wurin, ana tashi tana wurin. Abin da ba za ka gani ba shi ne ta ɗaga yatsa ta ce a saya mata ko a sayar. Sai ka yi wata shida kana zuwa ba ka ji bakinta a kan ciniki ba. A kan sauran al'amuran duniya kuwa, bakin nan ba ya hutu.

Zaman ɗakin ba wanda ya tsara shi, amma kowa ya san layinsa. Can gaba, gindin babban allon da farashi ke gudu a kai ja da kore, nan 'yan wafce suke, kowa da kwamfuta a gabansa. Su ne masu saye yanzu su sayar kafin shayinsu ya huce. Mutum ɗaya sai ya shiga ya fita sau hamsin, sau ɗari a yini, yana tsintar riba ƙwaya-ƙwaya, in fitsari ya kama shi ma sai ya matse. Bayansu 'yan yini, waɗanda ba sa kwana da kaya: su yi ciniki uku ko biyar, la'asar na yi su kakkaɓe hannu, riba ko asara, su tafi gida. Sai 'yan mako, masu riƙe abu kwana huɗu, kwana goma, suna zana layuka a takarda suna gardama kamar sun san gaibu. Layin ƙarshe na 'yan ajiya ne, masu saye su manta. Da can suna da ɗan yawa. Mutuwa ta ɗauki nata, 'ya'ya suka kwashe wasu zuwa Jakarta, wani ya sayar da komai ya tafi aikin hajji, ya dawo ya ce ya tuba. Saura Bu Warsiti ita kaɗai.

Sarkin 'yan wafce shi ne Koh Liong, wani siririn dattijo da ya bar wa ɗansa shagon kayan babur ya dawo nan da zama. Kwalbar maganin ciwon ciki tana gefen kwamfutarsa kullum. Shi da Bu Warsiti ba sa gaisuwa irin ta mutane.

"Bu, yau ma gadi kika zo yi mana?"

"Gadi na zo yi, Koh. Ai dole wani ya zauna ya kira motar asibiti ran da za ka kife a kan na'urar nan."

"Jiya sau tamanin na shiga na fita, ki sani."

"Sannu da fama. Me ka fito da shi?"

"Kuɗin taliya."

"Sau tamanin a kan kwanon taliya! Kaza ma ta fi ka, ita in ta gama tsince-tsincenta tana ajiye ƙwai."

Masu ganin zamanta suna ɗauka tsoro ne, ko rashin sanin kan abin. Ba su san ta ba. A wani ƙauye na Blora aka haife ta, tana yarinya aka kawo ta wurin gwaggonta mai sayar da zannuwan batik a kasuwar Johar, kuma a rumfar nan ta girma, ta yi aure, ta yi furfura. Ciniki kam ta yi shi har ya fita mata a rai. Ta taya, an taya mata, ta yi rantsuwa, ta bi mai saye har bakin titi ta jawo shi da hannun riga. In ta ga 'yan wafce suna gumi a cikin sanyin iyakwandishan, sai ta ce ita ta yi wannan rawar tun suna cikin zanen goyo, yanzu ta ƙoshi.

Mijinta, Pak Harjito, wato Malam Harjito, ma'aikacin kamfanin siminti ne. Da ya yi ritaya aka sallame shi da 'yan hannun jarin kamfanin, ya jefa takardun a ƙasan akwati bai sake waiwayarsu ba har ya koma ga Allah. Bayan ta fita takaba ta ɗauko su, ta hau benen nan da niyyar ta sayar ta gyara rufin gida. Aka yi rashin sa'a ranar kasuwa ta faɗi warwas. Dillalin ya gaya mata farashi, ta dube shi sheƙeƙe ta ce, "Gumin mijina ne za ka taya haka? Albarka." Ya ce ba shi ke tayawa ba, kasuwa ce. Ta ce to ya gaya wa kasuwa ta ce albarka, za ta jira. Ta waiga ta ga kujera babu kowa a jikin taga, ta zauna jira. Farashin ya tashi daga baya, ya wuce abin da take so nesa ba kusa ba, amma kafin nan ta gano cewa kamfanin yana aiko da rabon riba duk shekara, ta gano kuma zaman ya yi mata. Har yau ba ta sayar da simintin ba. Rufin da ribar ta gyara shi.

Tun daga nan tsarinta bai canza ba. Ta zaɓi kamfanin da ta ga kayansa a hannun mutane, ta yi ta kallonsa, ta yanka masa farashi a ranta, ta jira. In ya zo, ta saya. In bai zo ba, ba ta bin sa. Shekara mai albarka ta yi ciniki biyu. Akwai shekarar da ba ta yi ko ɗaya ba, kuma ta ce wannan shekarar ta fi kowacce barci mai daɗi.

Amma a faɗi gaskiya, ba allon ne kaɗai ke fito da ita daga gida ba. Gidan nata yana unguwar da ruwan teku ke shigowa duk lokacin da ya ga dama, kujeru da kabad duk a kan bulo suke. 'Yarta tilo, Sekar, tana aure a Balikpapan, tsallaken teku. Maƙwabtan da suka saba sun gaji da ruwa sun tashi. In ta rufe ƙofa, sai ita da ƙarar agogo. Bu Warsiti ba ta tsoron manaja, ba ta tsoron faɗuwar kasuwa, amma shirun gidan nan tana tsoronsa ƙwarai, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba. A benen kuwa, in aka tafi hutun rana, layuka sai su rushe, kowa ya jawo kujera zuwa wurinta. Ta buɗe kwanukanta, shinkafa da soyayyen tempe, ɗan'uwan awara, da kifi da yajin da ke sa Koh Liong hawaye, a ci a yi gulmar kamfanoni da surukai, ta sauka masallacin lungu ta yi azahar ta dawo. Nan ne take da mutane.

Ana nan sai aka turo sabon manaja daga Jakarta, Pak Gunardi, matashi mai tsabta, mai ladabi, irin ladabin nan da in an yi maka sai ka taɓa aljihunka. Bai yi sati biyu ba ya tsaya gaban allo kafin a buɗe kasuwa ya tafa hannu.

"Iyayena, ku gafarce ni, minti biyu. Kun san zamani ya canza, kowa yanzu a wayarsa yake ciniki. Hedikwata so take ta rufe ɗakin nan gaba ɗaya, ni na roƙa a bar shi. Amma haya, wuta, sanyi, shayi, duk kuɗi ne. Za a rage kujeru. Daga wata mai kamawa kowace kujera da sunan mai ita, kuma mai ita shi ne wanda ya yi ciniki aƙalla sau goma a wannan watan. Wanda bai kai ba, asusunsa na nan, ba abin da zai taɓa shi, sai dai ya bi kasuwa daga gida."

'Yan wafce suka yi dariya, su da ke yin goma kafin su gama hamma. 'Yan yini ko a jikinsu. 'Yan mako suka fara ƙirga da yatsu suna ƙunƙuni. Sannan, ɗaya bayan ɗaya, kawuna suka juya zuwa jikin taga.

Bu Warsiti ta bari ya shiga ofis, ta bi shi, ba ta ƙwanƙwasa ba.

"Pak Gunardi, tun kana ɗan firamare nake kan kujerar can."

"Na sani, Bu. Zauna mana."

"A'a, kar in ci maka kujera ban yi ciniki ba. Kayana ba a hannunku suke ba?"

"Suna nan, Bu, kuma kaya ne masu kyau, na duba. Amma kayan da ke kwance ba sa kawo mana ko rupiya ɗaya. Mu la'ada muke ci, in an saya ko an sayar. Abin da Koh Liong yake kawo mana a yini, ke ba kya kawo shi a shekara biyar."

"Shi ya sa shi yake shan maganin ciki, kai kake ɗaura taye."

Ya yi murmushin dole. "Sau goma ne kawai, Bu. Ba wani abu ba ne."

"In ba wani abu ba ne me ya sa ka tara mu ka tafa hannu?"

Ta fito ta bar masa ƙofa a buɗe. A yi masa adalci, bai yi mata ƙarya ba. Gidan dillalai bai damu ka ci ko a ci ka ba, motsinka yake so, kuma shi aƙalla ya faɗa da bakinsa.

Da hutun rana Koh Liong ya jawo kujera har gwiwarsa na taɓa tata, ya yi ƙasa da murya kamar mai shirin sata.

"Ki saurare ni, Bu, sau ɗaya a rayuwarki. Ƙulli ɗaya, hannun jari ɗari kacal, na kamfani mafi arha. Ki saya da safe, ki sayar da yamma, ciniki biyu ke nan. Kwana biyar kin gama. Abin da za ki rasa bai kai kuɗin fakin babur ba. Ni zan biya."

"In sayi abin da ba na so?"

"Na yini ɗaya!"

"In sayar da shi ban san dalili ba?"

"Dalilin kujera ne, Bu, kujera! Kowa haka zai yi. 'Yan mako ma haka suka shirya."

"Su suka ga za su iya. Koh, ni a Johar ko zanen da ya koɗe ban taɓa saye don in burge mai rumfa ba. Yau da furfurata yaro zai kaɗa min ganga in taka? Ci kifinka."

"Taurin kanki zai kashe ki."

"Kai kuma gudawa."

Mbak Ratri ma ta gwada. Ita ce dillaliyar da ke karɓar odar waɗanda ba sa taɓa kwamfuta, teburinta na gefen allo. Bu Warsiti ta je bikinta, ta je sunan 'ya'yanta biyu, don haka Mbak Ratri tana da bakin magana. Ta biyo ta har matakala ta riƙe mata hannu ta ce ita za ta riƙa yi mata komai, ba sai ta ko ɗaga yatsa ba, ta dai ce to. Bu Warsiti ta shafa mata kumatu ta ce, "Yarinyata, ran da kika taɓa min asusu ban ce ba, ranar za mu ɓata." Sekar ta bugo daga Balikpapan, ta ce shi ke nan ma, Allah ne ya kawo, uwar ta tattaro ta dawo wurinsu, za a sa mata kasuwar a waya ta riƙa kallo tana wasa da jikoki. Uwar ta ce waya ba ta cin tempe, ta tambayi lafiyar yara, ta kashe.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Kar wani ya ɗauka abin bai dame ta ba. Ta rame. In ta dawo gida ta zauna bakin gado ƙafafunta a kan bulo, sai ta kama kanta tana lissafin yadda yini zai kasance tun daga asuba har magariba ba tare da ta yi wa kowa tsiya ba. Sau da yawa ta ce wa kanta, to mene ne a ciki, ƙulli ɗaya ne fa. Wata ranar Laraba a tsakiyar wata har ta ɗaga yatsa. Mbak Ratri ta miƙe zumbur, Koh Liong ya saki na'urarsa ya juyo. Bu Warsiti ta dubi fuskokinsu, ta ga yadda suke murna, ta hango Pak Gunardi ta gilashin ofis yana leƙe. Sai ta ce, "Mbak, a rage sanyin nan, gwiwata."

Akwai wani kamfanin abincin kaji da ta yi shekara uku tana kallo. Ta yanka masa farashi tun farko, ta faɗa a gaban kowa, kuma farashin ya yi ƙasa da na kasuwa sosai har ya zama abin dariya. Koh Liong yana kiransa farashin lahira. Duk rabon ribar da ta samu a shekarun nan ta tara shi a asusu saboda wannan kamfanin, ba ta taɓa ba. To a satin ƙarshe na watan masara ta yi tsada, aka kuma fara raɗe-raɗin cutar kaji a gabashin Java. Kamfanin ya fara gangarowa. Ranar Juma'a, ranar ciniki ta ƙarshe a watan, bayan an sauko daga masallaci, sai ya zubo kamar an kwance masa igiya. 'Yan wafce suna ihu, 'yan yini suna zubar da kaya, 'yan mako sun yi tsuru-tsuru da takardunsu na zane. Bu Warsiti kuwa ta gyara zama. Ta ciro tabarau ta goge da bakin kallabi ta mayar. Saura kamar awa guda a tashi, jar lambar nan ta sauka daidai kan farashinta.

Ta miƙe tsaye, ta ɗaga yatsa.

"Mbak Ratri. Kamfanin kaji. Saya min ƙulli ɗari biyu."

Wani a layin 'yan mako ya ce, "La ilaha illallahu, an yi kiyama." Koh Liong ya yi tsalle ya bar kujerarsa tana juyi. Mbak Ratri ta kai hannu kan na'ura, sai ta tsaya, idonta ya yi haske, ta taso da gudu-gudu har layin baya.

"Bu! Bu, Allah ya kawo mana mafita. Ɗari biyu ko? Mu raba shi goma, ishirin-ishirin. Na'ura za ta ƙirga ciniki goma. Farashi ɗaya, la'ada ɗaya, ko rupiya ba za ki ƙara ba. Kayan da kike so ne, ranar da kike so, ba ƙarya a ciki."

"Wallahi yarinyar nan ta fi mu kai!" in ji wani ɗan yini.

"Raba, Ratri, raba!" Koh Liong yana buga bayan kujera. "Me kike jira? Kafin ya tashi!"

Hayaniyar ta fito da Pak Gunardi. Aka gaya masa. Ya yi gyaran murya, kuma duk wanda ya dubi fuskarsa ya san shi ma sauƙi ya ji, don ba ya son a ce shi ya kori tsohuwa. "Doka ta ce sau goma," in ji shi. "Ba ta ce ta yaya ba. Ni ban ga komai ba, Bu."

Ɗaki gaba ɗaya ya yi mata ca. Ita kuwa tana tsaye riƙe da jaka. Tana son kujerar nan. Ba ta taɓa sanin tana son ta haka ba sai da aka miƙo mata ita a arha. Ta dubi taga, ta dubi Mbak Ratri.

"Mbak, sau nawa na ce ki saya?"

"Sau ɗaya, Bu, amma..."

"To sau ɗaya za ki saya."

"Haba Bu!" Koh Liong ya dafe kai. "Wannan kuma wane irin hauka ne? Ba wanda ya ce ki sayi abin da ba kya so! Naki ne! Yanka shi kawai za a yi, kamar kankana!"

"Shekara uku ina jiran abin nan, Koh. Sau ɗaya na yanke shawara. In na bari aka yanka shi goma, ran Litinin wannan bawan Allah zai gaya wa Jakarta dokarsa ta yi aiki, har tsohuwar layin baya ta koyi rawa. Kuma gaskiya zai faɗa." Ta juya ga manajan. "Sai wata mai zuwa fa, Pak? Me zan yanka? Ko kana da wata cutar kajin a aljihu?"

"Wata mai zuwa ma san dabara!" in ji Koh Liong.

"Dabarar ita ce ba na so. Yau in yanka goma, gobe in sayi ƙulli ɗaya na banza, jibi ka gan ni a layin gaba da kwalbar magani. Na san hanyar, a gabana kuka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ku ba wanda ya hana ku, ku yi sau dubu, sana'arku ce, ban raina ba. Ni tawa ke nan. In ɗakin nan ba shi da wurin mai ciniki sau ɗaya, a faɗa a fili, kar a ce in yi shigar wani in shigo."

Ta ɗaga kai. Allon yana ta ƙyafta ja.

"Mbak Ratri, farashina zai gudu. Danna."

Mbak Ratri ta koma teburinta tana share ido da bayan hannu, ta danna. Ta ce a hankali, "Ya shiga, Bu. Ɗari biyu, ciniki ɗaya." Bu Warsiti ta ce alhamdu lillahi, ta zauna, ta ɗora hannu biyu a kan jaka har aka tashi. Koh Liong bai yi mata sallama ba ranar. Ya sauka yana zagin kaji da masu kaji da duk wanda ya taɓa cin ƙwai.

Mai hankali zai ce ta yi wauta, kuma ba za a yi masa musu da ƙarfi ba. An buɗe mata ƙofa, ba kuɗi, ba zunubi, ta sa ƙafa ta rufe. Amma masu hankalin nan su ne dai suke sayen abin da ba sa so duk safiya don a bar su su zauna, suna kuma kiran abin dabara.

Ran Litinin kowa ya zo da wuri don ya ga sunansa. An manna wa kujeru 'yan katuna farare. Layin ƙarshe kuwa babu shi, an kwashe shi ɗungurungum, sai tabon ƙafafun kujeru a kan tayil. Mutane suka zazzauna ba mai son kallon wajen. Ana gab da buɗe kasuwa aka ji takun nan da kowa ya sani, a hankali, ana hutawa a kowace matakala. Ta shigo da kallabinta da jakarta, ta gaida mai gadi, ta wuce jikin taga, ta tsaya a kan tabon.

Pak Gunardi ya fito da sauri. "Bu, ina jin ba ki fahimci..."

"Na fahimta sarai. Kujera ka ce. Ka ga na zauna?"

Ya dubi inda take tsaye. Dokar ba ta ce komai a kan tsayuwa ba, kuma ba shi da fuskar da zai sa mai gadi ya kama hannun sa'ar kakarsa. Ya koma ofis.

Aka buɗe kasuwa. Kamfanin kaji ya ƙara faɗuwa. Koh Liong, wanda ya yi niyyar gaba da ita, bai iya daurewa ba, ya waigo ya ɗaga murya. "Kin gani ko? Kajinki sun ƙara mutuwa! Ga asara, ga tsayuwa!"

"Ba don Litinin na saya ba, Koh. Duba gabanka, taliyarka na ƙonewa."

Awa ɗaya, awa biyu. Ta jingina da bango, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta sauya ɗaya. Wani ɗan mako ya taso ya ce ta zauna a tasa ko na ɗan lokaci, ta ce sunanta ba Bambang ba ne, ta ga abin da aka rubuta a katin. Can sai ga Koh Liong ya tashi, kasuwa na ci, abin da ba a taɓa gani ba, ya zo ya tsaya kusa da ita ya harɗe hannu yana huci, wai shi ma ya shiga yajin zaman. Bai yi minti biyar ba wata lamba ta yi kore a allo, ƙafarsa ta fara rawa. Ta ce, "Tafi, kafin ka yi min fitsari a nan." Ya ruga.

Bayan azahar gwiwoyin suka fara yi mata magana da gaske. Zufa ta karyo mata duk da sanyin ɗakin. Mbak Ratri ta kasa kallonta, ta kasa daina kallonta. Wajen la'asar Pak Gunardi ya fito da kansa ɗauke da kujerar baƙi ta ofishinsa, mai laushi, ya ajiye a bayanta, ya yi magana yadda ita kaɗai za ta ji.

"Bu, don Allah. Ba na doka ba ne wannan, nawa ne. Kina ba ni kunya."

Ta dubi kujerar. Jikinta gaba ɗaya yana roƙonta ta zauna, har idonta ya kawo ruwa, ba ta ɓoye ba.

"Na gode, ɗana. Kana da kirki, na gani. Amma kujerar tausayi ce, gobe in an matsa maka daga sama za ka ɗauke. Ka mayar min da tawa, da sunana, a matsayin mai ciniki sau ɗaya, sai in zauna. In ba za ka iya ba, ɗauki abarka kar a yi tuntuɓe."

"Ba ni da ikon wannan, Bu."

"To ka gaya wa masu ikon akwai wata tsohuwa a tsaye."

Ya bar kujerar a wurin. Har aka tashi kasuwa ba ta taɓa ta ba, ko jaka ba ta ɗora mata ba.

Da ta zo tafiya, ƙafafun sun kumbura sun cika takalmin har igiyar ta nutse a cikin nama. Ta tuɓe shi da ƙyar, ta riƙe a hannu, ta fita titi ba takalmi. Ba ta nufi tashar ƙananan bas ba. Ta tsallaka wurin mai takalman roba da ke shimfiɗa a bakin gada, ta nuna wani baƙi mai faɗi, mai taushin ƙasa.

"Wannan ya yi miki girma, Kaka," in ji mai takalmin. "Bari in duba miki daidai ƙafarki."

"Bar shi," ta ce. "Aikin tsaye na samu. Ba ni mai girman."